Awa biyu da Jerome na Dürer: hanyar da na bi har aka buɗe mini akwatin

A watan Nuwamba, ina da wata biyu da fara digiri na biyu a fannin tarihin zane-zane a wata jami'a da ke arewacin Ingila, malamar da ke duba aikina ta ajiye takardun da na kai mata ta ce, "Ka cika shafi 6 kana maganar hasken da ke cikin wannan zane. A ina ka gan shi?" Na ce a kwamfuta. Ta ce, "To hasken kwamfutarka ka gani. Je ka ga takardar, sannan mu yi magana." Abin da nake rubutu a kai shi ne yadda masu zanen Turai, daga ƙarni na 15 zuwa na 17, suka riƙa nuna malamin da ya keɓe kansa a ɗaki da littattafai, da kuma mai gudun duniya da ya shige daji ko kogo. A wannan fage da wuya a samu wanda aka zana kamar Jerome, malamin Kirista da ya rasu a Baitalami a shekara ta 420, wanda ya fassara Baibul zuwa Latin, kuma kafin nan ya taɓa yin zaman kaɗaici a hamadar Siriya. Shi ya sa ake zana shi iri biyu: wani lokaci ga shi a ɗakin karatu riƙe da alƙalami, wani lokaci ga shi a dawa ba riga, yana dukan ƙirjinsa da dutse. Zanen da aikina ya fi jingina da shi na Albrecht Dürer ne, Bajamushen birnin Nuremberg, wanda ya sassaƙa shi a kan farantin jan ƙarfe a 1514, aka riƙa shafa tawada ana bugawa a takarda. Daga ranar da malamata ta yi wannan magana zuwa ranar da na samu izinin sa hoton a rubutuna, wata biyar aka yi, kuma wajen rabin lokacin ni na ɓata wa kaina shi. Na rubuta yadda aka yi ne don wanda zai biyo baya ya rage hanya.

Kuskurena na farko shi ne tashi ba tambaya. Na duba intanet na ga wani babban gidan adana kayan fasaha, tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa daga inda nake, yana da zanen. Ran Asabar da sassafe na je tasha na yanki tikiti a take, fam 46 zuwa da dawowa, alhali da na saya tun mako biyu kafin ranar da bai kai haka ba. Na shiga gidan na bi ɗaki ɗaki, hawa da sauka, har ƙafata ta fara ciwo, ban ga ko takarda ɗaya ta Dürer a bango ba. Da na gaji na tambayi wata dattijuwa mai gadin ɗaki. Ta yi murmushi irin na wanda ya saba jin tambayar, ta ce zanen takarda ba a barinsa a bango, domin haske yana cin takarda, ta yi ja ta bushe. Ana ajiye su ne cikin akwatuna masu faɗi a wani ɗakin nazari na daban. In an fito da ɗaya don baje koli, 'yan watanni yake yi a mai da shi duhu ya huta shekaru. Mai son gani sai ya nemi lokaci a rubuce, kuma ɗakin ba ya buɗewa Asabar da Lahadi. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin, tana kulle, ina karanta sanarwar da aka manna, wadda kuma tana nan a shafinsu na intanet da na buɗe tun farko ban karanta har ƙasa ba. A jirgin dawowa haushin kaina ya hana ni cin burodin da na yi guzuri.

Litinin na aika musu wasiƙar imel, na ce ina so in ga "Jerome na Dürer da sauran zane-zanen masu zaman kaɗaici." Bayan kwana 4 amsa ta zo cikin ladabi: wane Jerome? Suka ce in shiga kundin kayansu na intanet in kawo lambar ajiya ta kowane abu, kada ya wuce guda 10 a zama ɗaya. A nan na gane girman rashin sanina. Dürer bai zana Jerome sau ɗaya ba. Akwai sassaƙen katako da aka buga a Basel a 1492 a shafin farko na littafin wasiƙun Jerome, akwai Jerome mai tuba a dawa na wajen 1496, akwai wani sassaƙen katako na 1511, akwai na 1512 inda yake zaune a gindin wani kututture, sannan na 1514 da nake nema. Kuma kowanne daga cikinsu ba takarda ɗaya ba ce, tunda faranti ɗaya ana iya buga ɗaruruwa da shi, gida ɗaya ma yana iya ajiye bugu biyu ko uku. Ga kuma kwafin da wasu suka sassaƙa daga baya. In ka rubuta "Jerome" a wurin bincike sakamako ya yi maka yawa, in ba ka gwada "Hieronymus" ba, wato sunansa da Latin, wasu su ɓace maka. Abin da ya fi rikita ni lambobi ne. Kusa da kowane zane sai in ga "Bartsch 60" ko "Meder 59", na ɗauka su ne lambar ajiyar, har na rubuta su a jerina. Ashe waɗannan lambobin zanen ne a cikin kundayen masana: Adam von Bartsch ya jera ayyukan masu sassaƙen bugu a juzu'i 21 tsakanin 1803 da 1821, Joseph Meder kuma ya fitar da kundin ayyukan Dürer a 1932. Bartsch 60 yana nufin Jerome na 1514 a ko'ina yake a duniya, a Viyana ko a Amurka. Lambar ajiya kuwa ita ce sunan takarda guda da ke cikin akwati guda a wannan gida, kuma da ita kaɗai ma'aikaci zai iya ɗauko maka abu. Sai da na yi dare uku kafin na haɗa jeri mai kyau: suna, mai zane, shekara, lambar ajiya.

Ana cikin haka wani ɗan ajinmu ya ce ai ba sa barin kowa shiga sai da takardar gabatarwa daga jami'a. Ban bincika ba na yarda. Na roƙi malamata, ta ce ofishin sashe ne ke bugawa a takarda mai tambari, ofishin ya ce in cike fom, mai sa hannu kuma ya tafi taro. Kwana 9 na riƙe jerina ban aika ba ina jiran takardar. Da na aika tare da ita, sai suka amsa cewa sun gode, amma ba su buƙatarta: layi biyu na bayanin abin da nake bincike a kai, da katin shaida mai hoto a ranar zuwa, sun isa. Wasu gidajen suna neman irin wannan takarda, musamman in abin da kake son gani mai rauni ne ƙwarai, amma wannan bai nema ba, kuma kwana 9 ɗin nan su suka tura ni cikin hutun Kirsimeti. Ɗakin ya rufe, layin masu jira ya yi tsawo, rana mafi kusa da suka iya ba ni ita ce Talatar makon ƙarshe na Janairu. Suka ce in zaɓa, safe daga 10:30 zuwa 12:30, ko rana daga 2 zuwa 4. Na zaɓi safe, kuma ina ba duk Musulmin da zai je a lokacin sanyi shawarar haka, domin a Janairun Ingila azahar da la'asar da magariba a jere suke zuwa cikin 'yan awoyi, zaman rana zai raba maka hankali biyu. Abu ɗaya mai amfani da zaryar ofishin sashe ta jawo mini shi ne, a can na ji ana mayar wa ɗalibi kuɗin tafiyar bincike in ya cike fom kafin tafiya ya kuma kawo rasit. Na cike. Tikitin wannan karo, da na saya da wuri da katin rangwamen ɗalibai, fam 19 ya tsaya mini.

A hutun na je Landan wurin wani ɗan'uwa, na yi amfani da damar na shiga National Gallery da ke dandalin Trafalgar, inda shiga kyauta ce. A can zanen fenti yana bango, ba wasiƙa ba jira. Na tsaya gaban Jerome na Antonello da Messina, mai zane ɗan Italiya, na wajen 1475, ɗan ƙaramin allo da tsayinsa bai kai rabin mita ba. Malamin yana zaune a wani ɗakin katako da aka ɗora a kan dandamali a tsakiyar wani ƙaton gini, ya tuɓe takalmansa a gindin matakala kamar mai shiga masallaci, ga kyanwa a gefe, ga makwarwa da dawisu a bakin ƙofa, zaki kuma yana tahowa daga cikin duhu ta hannun dama. Wannan ziyara ta taimake ni daga baya, don ta ba ni abin kwatantawa. Daga nan na kira Baba a Zariya. Ya ce, "Wai wane ne wannan malamin da kake ta wahala a kansa?" Na ce, "Baba, wani malamin Nasara ne na da can, mai fassara, ana zana shi shi kaɗai a ɗaki da littattafai da zaki a kwance." Ya yi dariya ya ce, "To ai kakanka ma haka ya rayu a soro, sai dai shi akuya ce ke kwance a ƙofa. Allah ya ba da sa'a."

Ranar Talatar na isa da minti 40 a hannu, kuma sun yi amfani. Ƙofar ɗakin nazarin ba ita ce babbar ƙofar masu yawon kallo ba, sai da na zaga na danna ƙararrawa. Wani matashi ya duba fasfo ɗina da imel ɗin da na buga a takarda, ya ba ni rajista na rubuta suna da adireshi, ya miƙo takardar dokoki na sa hannu. Jaka da rigar sanyi da gorar ruwa duk sai a loka, kuma lokar tana son tsabar fam 1 da take mayar maka in ka buɗe. Ba ni da ita, a ƙasar da kowa ke biya da kati, sai shi ya ranta mini. Biro haramun ne a ɗakin, fensir kawai, da littafin rubutu ko kwamfuta. Na zaci za a ba ni farar safar hannu, sai aka nuna mini famfo: wanke hannu da sabulu a busar, domin safa tana rage wa yatsu ji, takarda ta fi saurin yagewa a hannun mai safa. Ni kuwa saboda sanyi na lafta wa hannuwana basilin tun daga gida, sai da na wanke sau uku kafin santsin ya fita. Ya kuma ce in cusa igiyar katin ɗalibin da ke wuyana cikin riga, kada ta lilo ta taɓa zane in na sunkuya. Ba a karɓi ko kwabo ba, ganin kyauta ne.

Ɗaki ne mai dogayen tebura da manyan tagogi, mutum huɗu ne a ciki, ba ka jin komai sai ƙarar fensir. Ma'aikaciyar da ke kula da ni ta riga ta fito da abubuwana. Kowane zane yana manne cikin kwali mai kauri da aka yanke wa taga, ta jingina shi a wani ɗan katako mai kama da rehal ɗin ɗora Alƙur'ani, ta ce in riƙe kwalin kawai in ya zama dole, kada in nuna da bakin fensir, kada kuma in yi magana fuskata na kan takardar saboda yawu. Ta ba ni gilashin ƙara girma ta koma teburinta. Abin da ya fara ba ni mamaki ƙanƙantarsa: santimita 25 ne a tsaye, 19 a kwance, bai kai takardar da muke bugawa a firinta ba. A allon kwamfuta na saba buɗe shi ya cika mini fuska, har na manta abu ne da ake riƙewa a hannu. Jerome yana can ƙuryar ɗaki, ya duƙufa a kan ɗan teburin rubutu, tsoho mai sanƙo da gemu. Kafin idonka ya kai gare shi sai ya tsallake zaki da ɗan kare da ke kwance a gaba, karen ya yi barci sosai, zakin ido rabi a buɗe. Zakin daga labarin da ake bayarwa ne cewa Jerome ya cire masa ƙaya a dagi ya zauna tare da shi. A bango ga agogon yashi, ga faffaɗar malafar kadinal, wato babban malamin cocin Katolika, ko da yake a zamanin Jerome babu wannan muƙami yadda aka san shi daga baya, masu zane ne suka naɗa shi saboda ya yi wa Fafaroma Damasus aiki a Rum. Ga carbi, ga almakashi da 'yan takardu a soke a bango, ga matasai a kan benci, ga takalma a ƙasa, ga ƙoƙon kan mutum a bakin taga. Ɗakin mutumin da ya daɗe a wuri ne, komai yana inda hannu zai kai.

Sai maganar haske, wadda ta kawo ni. Tagogin na ƙananan gilasai ne masu da'ira kamar gindin kwalba, rana ta ratso su ta zuba inuwarsu a jikin bango, da'ira bayan da'ira. A kwamfuta na rubuta cewa Dürer ya "zana" hasken. Da na sa gilashi na ga ba haka ba ne. Babu fari ko ɗigo da ya sa. Hasken takardar ce kanta, inda ya ƙi taɓawa. Duk abin da ke kewaye da shi layuka ne siriri kamar gashi, wasu a jere, wasu a gicciye, wasu ɗige-ɗige, kuma tawadar tana ɗan tashi a kan takarda, in ka karkata kai ka ga tana ƙyalli. Hasken da ke kewaye da kan tsohon ma haka, wuri ne da aka bari. Na zauna wajen minti 20 ban rubuta komai ba. Daga baya ma'aikaciyar ta ajiye mini bugu na biyu da suke da shi a gefen na farko, daga faranti ɗaya amma an buga shi bayan farantin ya sha aiki. Layukan sun dushe, inuwar ƙarƙashin tebur ta koma toka, hasken tagar ya mutu tunda duhun da ke riƙe da shi ya tafi. A nan na fahimci dalilin da ya sa Meder yake bin lambarsa da haruffa, a, b, c, don bambanta bugu mai kyau da wanda ya gaji, yana kuma duba alamar masu takarda da ake gani in an ɗaga ta ga haske. Wannan bai zame mini baƙo ba, domin tsofaffin littattafan kakana da yawa a kan takardar Italiya mai alamar jinjirin wata uku aka rubuta su. Shafi 6 ɗin nan nawa, na san tun a wurin cewa sai an sake su daga tushe.

Abu na uku a jerina ya ba ni kunya kaɗan. Na ɗauka bugu na uku ne na Dürer, ashe kwafi ne da ɗaya daga 'yan gidan Wierix na Antwerp ya sassaƙa yana yaro, wajen shekara 50 bayan na asali. A kundin an rubuta "bayan Dürer", wato an kwaikwayi nasa, ni kuma na karanta da sauri. Amma kuskuren ya yi riba, domin ganin su kusa da juna ya nuna mini inda hannun yaro, duk da gwanintarsa, ya yi tauri a gashin zaki. Daga nan lokaci ya fara gudu. Zanen Rembrandt, mai zane ɗan ƙasar Holan, ya zo, Jerome a ɗaki mai duhu na 1642, wanda kusan baƙi ne gaba ɗaya: taga ɗaya, matakala mai murɗewa, tsohon ya yi tagumi, zakin kuwa sai ido ya saba da duhun kafin ka gano shi. Dürer ya ba malaminsa natsuwa da rana, Rembrandt ya ba nasa damuwa, kuma a ganina na Rembrandt ya fi kama da yadda karatu yake a yawancin ranaku. Na duba Antoni, wani waliyyin Kirista mai zaman kaɗaici, na Dürer na 1519, yana karatu a gaban birni, a gurguje. Abin da na fi ɗoki bayan Jerome, wato jerin masu gudun duniya da Jan da Raphael Sadeler suka sassaƙa bisa zanen Maerten de Vos a ƙarshen ƙarni na 16, kowane shafi da mutum ɗaya a bukkarsa ko kogonsa, ban gan shi ba. An ɗinke su cikin littafi guda, littafin kuma yana wurin masu gyara. Sun rubuta mini haka a ƙasan imel ɗin tabbatar da rana, ni ne ban kai ƙasan ba, karo na biyu ke nan. Ƙarfe 12:30 daidai aka fara mai da kwalaye akwati, ina da abu uku da ban ko kalla da kyau ba. Guda 10 sun yi wa awa biyu yawa.

Na zaci an gama, ashe akwai wata ƙofa. A ɗakin an bar ni na ɗauki hotuna da waya, ba walƙiya, amma takardar da na sa wa hannu ta ce don nazarin kaina ne kawai. Sa hoto a kundin digiri da ba za a buga ba bai zama matsala ba. Sai dai a Fabrairu malamata ta ce in gyara babin in aika wa wata mujallar ɗalibai, mujallar kuma ta ce kowane hoto sai da shaidar izini. Na rubuta wa ɗakin nazari, suka ce ba aikinsu ba ne, akwai sashen hotuna na daban. Sashen ya aiko fom mai tambayoyin da ban san amsarsu ba: kwafi nawa za a buga, da wane harshe, a ciki ko a bango, rabin shafi ko cikakke, za a sa a intanet, har tsawon shekara nawa. Sai da na koma wa editan mujallar, mako guda ya tafi. Na nemi hoto 4, aka aiko takardar kuɗi, fam 35 kowanne bayan rangwamen masu bincike, ban da haraji. Na dubi lissafin na tuna kuɗin haya. Wata ma'aikaciyar laburaren jami'armu ce ta cece ni. Ta ce tunda bugu ne ba fenti ba, zanen yana gidaje da yawa, kuma wasunsu sun saki hotunan tsofaffin kayansu kyauta. Gidan Metropolitan na New York ya yi haka tun Fabrairun 2017, Rijksmuseum na Amsterdam da National Gallery of Art na Washington su ma suna bari a sauke a yi amfani. A cikin awa ɗaya na samu uku daga cikin huɗun, masu kyau ƙwarai. Ɗaya kawai na biya, hoton dusasshen bugun nan, domin hujjata a kan wannan takardar take, ba a kan wata irinta ba. Da haraji ya kama fam 42. Na biya da kati, bayan kwana 12 hoton ya iso tare da takardar izini da layin da suka ce dole in rubuta a ƙarƙashinsa harafi da harafi. Wannan a farkon Afrilu ne. Sashenmu ya mayar mini da fam 19 na tafiya ta biyu da fam 42 na hoto bayan mako 5. Fam 46 na tafiyar farko sun tafi, tunda ban cike fom kafinta ba, rasit ɗin ma ban san inda na jefa shi ba.

Da zan sake, ga yadda zan yi. Zan karanta shafin ɗakin nazarin har ƙasa kafin in yanki tikiti, haka ma kowane imel da suka aiko. Zan fara da lambar ajiya, in tabbatar ba "bayan wane" aka rubuta ba, sai in kwafin nake so da gangan. Zan tambaye su kai tsaye ko suna son takardar gabatarwa maimakon jin ta bakin ɗan aji. Zan nemi abu 5 ko 6, in jera su bisa muhimmanci, in kuma roƙi a ajiye mini bugu biyu na zane ɗaya kusa da juna, domin wannan ne abin da kwamfuta ba ta iya ba ni. Zan tuna cewa izinin gani daban, izinin bugawa daban, ofisoshinsu ma daban, kuma kafin in biya zan duba ko wani gida ya saki hoton kyauta. Wanda zai taso daga gida Najeriya ko Nijar takanas, ya samu ranar a rubuce kafin ya sayi tikitin jirgi, ya kuma nemi zama biyu a jere, kada ya zo ya tarar littafin da ya zo dominsa yana wurin gyara. A aljihu a sa fensir da tsabar fam 1.

Akwai abu ɗaya a zanen da ban ambata ba. Daga rufin ɗakin Jerome, a sama ta hannun dama, wani ƙaton duma yana lilo da ganyensa. Na sha ganinsa a kwamfuta na ɗauka ado ne, sai da na ga yawan aikin da Dürer ya zuba masa na koma na bincika. Masana da dama suna danganta shi da wata tsohuwar gardama. A labarin Annabi Yunusa, tsiron da ya yi masa inuwa, tsohuwar fassarar Latin ta kira shi duma, Jerome kuwa da ya koma Ibrananci sai ya sa sunan wani tsiro mai hawa bango. Augustine, wani babban malamin Kirista na Arewacin Afirka, ya rubuta masa wasiƙa yana ba shi labarin yadda jama'a suka tayar da hayaniya a cocin garin Oea, wato Tarabulus ta Libiya a yau, da aka karanta musu sabuwar kalmar. Ran da na gano haka na kira Baba na ba shi labari. Ya yi shiru, sannan ya karanto ayar Suratus Saffat, ta 146, inda aka ce an tsirar wa Yunusa bishiyar yaƙɗin. Ya ce, "Mu dai a zaure duma ko kabewa muka ji ana fassara shi. Malamin naka bai tambayi kakanka ba ne." Littafin Sadeler ya dawo daga gyara a watan Mayu, sun ba ni Alhamis da safe, kuma a wannan karon abu ɗaya tak na rubuta a jerin.